Kado Ba Albashi Ba Ne

Ku samarin da ke zaman fada a bakin hanyar tasha kuna dafa shayi, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ranar da na wuce. Cewa ya yi in komai ya gagara sai ya tafi Yamai ya yi garson, ai ɗaukar kwano ne daga nan zuwa can, ga abinci kyauta, ga baƙi suna cusa wa mutum kuɗi a aljihu. Ban tanka ba, don da na tanka a lokacin zagi zan yi. Shekara arba'in da ɗoriya na yi ina wannan ɗaukar kwanon, a Abijan, a Lome, a Kano, a Tamanrasat, na zo na ƙare a nan Dakoro inda aka haife ni. Garson shi ne mai kai wa baƙo abinci a otel, ya tsaya a kansa har ya ƙoshi ya tashi. Sunana Isufu. Tun da kun ce aikin banza ne, bari in gaya maku abin da ke cikinsa.

Kayan aikin ba su da yawa. Babban faranti na ɗaukar kaya, wanda muke kira filato. Farin sarbeti, wato ƙyallen goge tebur, a rataye a hannun hagu. Mabuɗin kwalba ɗaure da zare a ƙugu, don in ka ajiye shi sau ɗaya ba ka sake ganinsa. Sauran kayan a jikinka suke: ƙafa, ido da kai. Ƙafa ita ke fara mutuwa. Duk tsohon garson da kuka gani, ku dubi ƙwaurinsa, za ku ga jijiyoyi sun fito kamar saiwar gawo.

A Abijan na koya, a hannun wani tsoho mutumin Togo mai suna Kwasi. Wata uku bai bar ni na kusanci teburin baƙo ba. Kullum da safe sai ya jera kofuna takwas a filato, ya cika su da ruwa har baki, ya ce in hau bene in sauko sau goma. In ɗigo ɗaya ya zuba, a sake daga farko. Bayan nan ya koya mini gefen da ake ajiye abinci da gefen da ake ɗauke kwano, da yadda ake riƙe kofi ba a sa yatsa a bakinsa ba, da yadda mutum shida za su faɗi abin da suke so a lokaci guda ka riƙe a ka, ka kawo wa kowa nasa ba ka tambayi wa ya ce kifi ba. Ya koya mini duba tebur daga nesa in gane wanda ke neman ruwa tun bai ɗaga hannu ba. Dokarsa ta ƙarshe ita ce ba a tambayar baƙo kuɗi, ko da baki ko da ido. Ya ce ranar da ya ga na tsaya kusa da tebur ina murza yatsu, ranar zan koma wanke tukwane.

Kowace ƙasa na je, kalmar da na fara koya a harshensu ita ce sunan ɗan kuɗin nan da baƙo ke bari. A Abijan furbuwar suke cewa. Ka kawo canji a ɗan ƙaramin faranti, baƙo ya bar ƴan tsaba a ciki ya tashi. Bai dube ka ba, ba ka dube shi ba, an wuce wurin. A Tamanrasat bakshish ne, a tafin hannu ake sa maka shi lokacin musabaha. A Lome tara shi muke a gwangwani, ranar Lahadi a raba har da masu wanke kwano, don su ma da guminsu a cikin abincin. A Kano kuwa na yi aiki a wani wurin biki inda wani mai kuɗi ya watsa takardu a ƙasa don mu duƙa mu tsinta abokansa su yi dariya. Na duƙa. Na tsinta. Mai wurin ba ya biyanmu komai, cewa ya yi abin da baƙi suka ba mu ya ishe mu.

Abu ɗaya na gani a duk yawon nan. Inda albashi yake tsaye, kado, wato ɗan kuɗin nan da baƙo ke bari, ɗan daɗi ne kawai, in ya zo an gode, in bai zo ba an ci tuwo. Inda mai otel ya ce kado shi ne albashinka, to ya mayar da kai mai bara cikin farar riga, shi kuwa ya sami ma'aikaci a banza. Abincin nasa da farashi a rubuce. Ɗakin kwanansa da farashi. Ko ruwan sanyi da farashi. Gumin mutum ne kaɗai aka bar wa baƙo ya yanka yadda ya ga dama.

Mu a nan ba mu gaji furbuwar ba. Mun san tukuici, mun san kuɗin goro, kuma akwai yadda ake yi. A miƙo maka, ka ce a'a, a bar shi. A sake miƙowa, ka ce wallahi ba don haka ka yi ba. Sai mai bayarwa ya kama hannunka ya danna maka, ko ya cusa a aljihunka kana kaucewa. Mai bayarwa ya san za ka ƙi, kai ma ka san zai nace. Wanda ya karɓe tun miƙon farko, sai a ce ba a yi masa tarbiyya a gidansu ba. Haka aka rene ni, haka aka rene ku. To ku ɗauki mutumin da aka rena haka, ku ce masa abincin iyalinsa yana cikin hannun baƙon da sau ɗaya yake miƙowa. Wannan shi ne abin da aka yi wa Iro.

Da ƙafa ta fara gajiya na dawo gida, na kama aiki a masaukin wani ɗan kasuwa, Alhaji Mati. Ɗakunan kwana ne ƴan kaɗan da babban zaure na taro. Baƙinsa mutanen foroje ne, ƙungiyoyin nan da ke zuwa da fararen motoci a kan maganar rijiyoyi da dabbobi. Ni ina da albashi, don tun a bakin ƙofa na tambaya, kuma babu wani a garin da ya iya jera tebur na mutum sittin. Sai aka yi shekarar da ruwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ke fitar da kai. Rumbuna suka zauna wayam. Mutanen Ajekoriya da na Birnin Lalle suka cika gari neman aiki, makiyayan Tagiris suna kawo shanu suna bayarwa a wulaƙance. Shekarar ita ce shekarar kasuwar Alhaji, don kowace foroje sai ta zo ta yi taro a kan yunwar, kuma masu taron yunwa sau uku suke ci a wuni, ban da hutun shan kafe.

Wata safiya ina goge kofuna wani magidanci ya yi sallama, riƙe da igiyar wani jan sa. Shi ne Iro, manomi daga wani ƙauye a bayan Birnin Lalle, da mata da ƴaƴa biyar. San nan shi ne abin da ya rage masa. Da shi yake jan amalanke, ya kai taki gona, ya ɗebo ruwa, ya yi dakon dammunan mutane da kaka. Ya zo da shi gari yana zaton zai sami dako, ya tarar amalanke ta fi kaya yawa. Ko ya sami abin da zai riƙa aika wa gida hatsi, ko ya kai san kasuwa. Manomin da ya sayar da sansa a irin wannan shekara kuwa ba ya sake sayen wani.

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Albashi kam babu, Iro, kai ma ka ga shekara. Amma kana cin na rana a nan. Kuma baƙina masu sakin hannu ne, Nasara da manyan Yamai. Duk abin da sunka ba ka naka ne, ko dala ba ni taɓawa.”

Iro ya durƙusa ya ce, “Allah shi saka da alheri, Alhaji.”

Ina tsaye, na ji komai, na san abin da maganar take nufi tun daga Kano. Na ci gaba da goge kofuna.

Ban taɓa koya wa mutum mai saurin ɗauka kamarsa ba. Hannun da ya saba da ɗaukar tulu ba ya zubar da ruwa. Cikin kwana goma ya iya filato, ya san gefen ajiyewa da na ɗaukewa, ya haddace sunayen abinci da Faransanci ko da bai san ma'anarsu ba. San kuwa ya ɗaure shi a bayan madafa, yana ba shi ɓawon dankali da sauran shinkafar baƙi.

Taron farko da na bar masa teburansa shi kaɗai na likitocin dabbobi ne, kwana uku. Ranar tashi wata Banasara ta kira shi, ta ciro takardar jika guda, wato sefa dubu, ta miƙa masa. Jika guda a lokacin ta sayi abin da gidansa zai ci kwana biyu. Iro ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai ya ce, “A'a, Madam, a bar shi.” Ya tsaya yana jiran miƙo na biyu. Matar ta juyo ta tambaye ni me ya ce. Na ce ya ce a bari. Ta mayar da takardar cikin jaka, ta ce ita duk yawonta ba ta taɓa ganin mutanen kirki irin na Dakoro ba. Ta shiga mota. Ni kuwa dokar Kwasi ta ɗaure mini baki, ba a ce wa baƙo sake ciro kuɗinka.

Iro ya biyo ni madafa.

“Baba, ba ta sake miƙowa ba.”

“Ba su sake miƙowa, Iro.”

“Ko sau guda?”

“Ko sau guda.”

“To wane irin mutane ne waɗanga? Mutum shi ba ka abu, ka yi mashi kara, shi maida aljihu?”

Rabi mai dafa mana abinci tana jinmu. Ta buga ludayi a bakin tukunya ta ce, “Sannu, sarkin kunya! Kunyar za ka dama wa ɗiyanka su sha? Ni da an miƙo mini, har jakar zan haɗa.”

Na gaya masa nan gaba ya karɓa kawai. Ya ce to. Baƙo na gaba ya miƙo, bakinsa ya riga shi, a bar shi. Na bayansa ma haka. Mutanen Yamai, waɗanda ya kamata a ce sun san al'ada, su ma da murna suke mayarwa, ko dai sun manta ko kuma mantuwar ta yi masu daɗi. Sati uku Iro yana tsaye daga hantsi zuwa la'asar, bai aika ko tiya guda ta hatsi gida ba. Baƙi har zuwa suke wurin Alhaji su yaba masa, wai yana da ma'aikacin da ba ya son abin duniya. Alhaji ya kira ni yana dariya ya ce, “Ka ji, dattijo? Irin ma'aikacin da nike so ke nan.”

Na ce, “Alhaji, mutumin nan iyalinsa ganye suke dafawa. Dillalai sun fara zagayen sansa. Ka yanka mashi wani abu a wata, ko kaɗan ne.”

“Ni na hana shi amsa? Kuɗi na zuwa har hannunshi yana korewa, sai a ce laifina ne?”

“Kai in an miƙo maka kyauta, amsa kake tun farko?”

“Ni ba garson ba ne.”

“Ko a Abijan, inda kowa ke barin furbuwar, da albashi muke aiki.”

“To nan ba Abijan ba ce. Leƙa bakin ƙofa, dattijo. Mutum goma ne zaune, kowane na son aikin nan a kan tuwon rana kaɗai.”

A nan na yi kuskuren da har yau nake jin haushinsa. Maimakon in ajiye filato in ce ko a biya shi ko a nemi mai jera teburin gobe, sai na ga ya fi sauƙi in gyara Iro. Mai zalunci na bar shi yadda yake, wanda aka zalunta na kama da horo.

A bayan madafa muka yi shi, kusa da san, da murafen kwalba. In zauna a kan turmi kamar baƙo, in miƙa masa murfi. Dokar ita ce hannu ya fita kafin baki ya buɗe, in bakin zai buɗe kuwa kalma ɗaya ce, mersi, wato na gode. Ranar farko sau talatin yana cewa a bar shi. Rabi tana leƙowa tana cewa, “Baba Isufu, ka bar wahala, sai ka koya wa jaki salla kafin wanga shi amshi kuɗi.” Na yi masa yadda Kwasi ya yi mini da kofunan ruwa, in ya kuskure a sake daga farko. Har da wucewa nake in miƙa masa murfi ba zato, yana shara ko yana alwala. Cikin sati guda hannun ya koya. Ba ya shawara da kai, da ya ga an miƙo sai ya fita.

Kuma abin ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. Taro biyu a jere ya sami abin da ya auni hatsi ya ba mai mota ya kai ƙauye. Rabi ta yi masa guɗa. Ya sayo wa san dusa. Na ɗauka na yi dabara.

Sai wata foroje ta kira taron ƴan kasuwar hatsi, tana son sayen buhuna ta raba. Manyan masu sito suka zo daga Maradi, wajen mutum sittin da na gari. Tun da safe muke gudu, ni da Iro kaɗai. Ana gab da zuba abinci ya ja ni gefe, murya ƙasa ƙasa.

“Baba, ka canza ni daga teburin bakin taga. Wan maiɗakina na can.”

Kun san yadda mutum yake da wan matarsa. Ba ya ci a gabansa, ba ya faɗin sunansa, ba ya haɗa ido da shi. Ni ma na sani. Amma ga kwanuka sittin suna hucewa, ga shekarun da na yi a wuraren da ba ruwan kowa da surukin kowa. Na ce, “Aiki bai san suruki ba, Iro. Ɗauki filato.”

Ya ɗauka. Ya kai abincin kansa a ƙasa, bai zubar da ko ɗigon miya ba. Wan matar tasa, Malam Hamza, mai sito ne a Maradi, ya amsa gaisuwa a taƙaice yana kallon wani wuri. Da aka gama ci, Malam Hamza ya sa hannu a aljihu ya ciro tsabar dala ashirin, sefa ɗari ke nan, ya miƙa ta gefe. Duk ɗan ƙasar nan ya san me wannan miƙon yake nufi. Ba bayarwa ba ce. Miƙawa ce don Iro ya ƙi, abokan ciniki su ga mijin ƙanwarsa talaka ne amma mai mutunci, daga baya a aika wa ƙanwar buhu ta bayan gida. Ina can ƙarshen zauren da tulun shayi, na gani, na kuma san abin da zai faru, amma tsakaninmu tebur biyar ne.

Hannun ya fita. Bakin ya ce, “Mersi.”

Malam Hamza ya juyo, karo na farko ya dubi Iro a ido.

“Dala ashirin,” in ji shi. “Tun miƙon farko. Ashe maroƙi munka ba ƙanwata.”

Wani na kusa da shi ya ce, “Har da Faransanci, Malam!” Aka fashe da dariya, ta bi tebur tebur, har waɗanda ba su ji abin da aka ce ba suna tayawa.

Iro ya ajiye kuɗin a gefen tebur. Ya kwashe kwanukan teburin duka, ta gefen da ya kamata. Ya kwashe na sauran teburan nasa. Ya wanke filato, ya goge, ya ninke sarbeti ya ɗora a kai. Ya kwance san ya ce, “Baba, sai wata rana.”

Na sami Alhaji a bakin zaure yana sallamar baƙi, ban jira sun tafi ba. Na ce masa abincin da mutum sittin suka ci yau, da ƙafar wa ya iso gabansu? Na ce ka sayar da shinkafa, ka sayar da nama, ka sayar da zaure har da iskar fanka, mutumin da ya ɗauko ka ce ya je ya miƙa hannu. Na ce kai ka san garin nan, ka san yadda ake renon ɗa a cikinsa, da saninka ka ɗora cikin iyalinsa a kan abin da aka hore shi ya ƙi. Na kwance mabuɗin kwalba daga ƙugu na ajiye masa a kan tebur, na ce akwai taro jibi, ya shigo da mutum goman nan na bakin ƙofa su jera masa.

Ya ja ni cikin buro, wato ofishinsa, ya rufe ƙofa.

“Haba dattijo, gaban baƙi? To shi dawo. Ina ba shi jika goma a wata.”

“Ashe akwai su?”

“Ka dai kira shi.”

Ashe akwai su. Tun ranar da Iro ya yi sallama akwai su. Abin da ya hana a fitar da su kawai babu wanda ya ɗaga murya, ni kuwa da zan iya ɗagawa ina can ina wasa da murafen kwalba.

Saboda haka ku da ke shirin tafiya, kada ku taɓa filato sai kun tambayi nawa ne a wata, a gaban shaida. In mai otel ya ce baƙinsa masu sakin hannu ne, ku ce masa Allah ya ƙara masu, shi nawa zai saki. In kun zama manya a wurin aka kawo sabo kuna ji ana yi masa wannan magana, kada ku ci gaba da goge kofuna. In kuma Allah ya ɗaga ku kun zama masu zama a tebur, kuka miƙa wa ɗan ƙasar nan abu ya ce a bar shi, ku sake miƙawa. Kun san gidan da ya fito.

Washegari ranar kasuwa ce. Na nemi Iro a gidan da yake sauka aka ce ya fita tun da sassafe, na wuce kasuwar shanu. Na same shi a tsaye, dillali yana buɗe bakin san yana nuna wa wani mai saye da ke loda shanu zuwa Najeriya. Na gaya masa saƙon Alhaji.

Ya ce, “Ko jika hamsin ne, Baba. Labari ya riga ni isa ƙauye, masu motar jiya sun kai shi. In na koma zauren nan, kowa ya shigo hannuna za shi duba.”

“Laifina ne, Iro. Ni na hore ka.”

“Kai hatsi ka so in kai gida. Na kuwa kai, sau biyu.”

Aka yi ciniki a gabana. San da a shekarar ƙoshi zai sayi rumbu guda, aka sallama shi a kan abin da bai wuce buhu uku ba. Mai saye ya biya. Dillali ya miƙa hannu, Iro ya ba shi la'adarsa, mai saye ma ya ba shi tasa. Dillalin ya karɓa, ya duba, ya sa aljihu, ya juya wurin wata saniya. Bai dafa ƙirji ba, bai sunkuyar da kai ba, babu kuma wanda ya yi dariya.

Iro ya daɗe yana kallonsa.

“Ka gani, Baba? Shi bai ce a bar shi ba.”

“Nashi ne, Iro. Kowa ya san nawa ne tun kafin a fara.”

Aka kwance igiya aka miƙo masa, aka kora san cikin mota. Muka je ya auni hatsinsa. Amalankensa tana nan, amma babu abin da zai ja ta, sai ya kira wani mai amalanke ya kai masa buhunan ƙauye. Mutumin ya kama buhu zai ɗora, yana cewa a bari sai an isa, abin da Allah ya hore a ba shi.

Iro ya dafe buhun da hannu.

“A'a, ɗan'uwa. Faɗi kuɗinka tukuna.”